Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Kwamishinan Matasa da Ci Gaban Al'umma na Jihar Legas: A Daina Yawo da Yaran Riƙo

Zuwa ga Mai Girma Kwamishina,
Ma'aikatar Matasa da Ci Gaban Al'umma,
Alausa, Ikeja.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni malamar Islamiyya ce a Agege. Nan aka haife ni, nan aka haifi mahaifina, kakana ne fataucin goro ya kawo. Cikin yaran da nake ciyarwa akwai waɗanda ba ni na haifa ba, riƙonsu nake yi. Da gangan na rubuto muku da Hausa, domin rabin maganar taku ce, rabin kuma ta mutanena ce, sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin kasuwa da mata 'yan uwana, kuma ina so kowane ɓangare ya ji abin da na faɗa wa ɗayan.

Magana guda ta kawo ni. Yaron da gidansu ya watse, a sama masa gida ɗaya ya zauna, a daina yawo da shi. Gidan da bai kai ga watsewa ba kuma, a tallafe shi tun yana tsaye.

Bari in faɗa muku yadda abin yake faruwa a unguwanninmu, don ba kasafai yake isowa gabanku ba sai ya riga ya lalace. Magidanci yana dako a Mile 12, ko gadi a Lekki, ko tura kurar ruwa a Mushin. Wata rana mota ta kaɗe shi, ko zazzaɓi ya kwantar da shi, Allah ya karɓi abinsa. Matar ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Kafin ta fita kuɗin haya ya ƙare, mai gida kuwa na shekara yake so a dunƙule. Sai dangi su taru a raba yara. Babban ya tafi wurin baffansa a Ojo, mai bi masa wurin goggonta a Idi-Araba, ƙaramin a damƙa wa direban tirela ya kai wa kaka Funtuwa ko Gusau. Kowa da kyakkyawar niyya ya karɓa, wannan ba na musu. Amma baffan nan ɗaki ɗaya gare shi da 'ya'ya biyar. Bayan 'yan watanni matarsa ta gaji, a miƙa yaro ga wani malami. Damina ta faɗi, malam ya koma gida noma, yaro ya koma hannun mai shayi yana wanke kofi. Yarinyar kuwa sai a ji wata Hajiya tana neman mai taya ta aiki. Uwar, in ta samu wani auren, sabon mijin ya ce shi ba ya riƙon agola.

Duk tashin da aka yi da yaro akwai abin da ke zubewa a hanya. Makaranta ce ta farko, don ba wanda zai tsaya neman takardar canjin makaranta a kan yaron da ba a san ko zai kai ƙarshen zango ba. Sai katin rigakafi, sai takardar haihuwa in ma an taɓa yi. Bayan waɗannan sai abin da ido ba ya gani, yaron ya daina sakin jiki da kowa. Ina ganinsu a aji. Ɗan shekara tara yana fitsarin kwance. Yarinya tana ɓoye guntun burodi a jakar littattafai ko da ta ƙoshi. Wani in na ɗaga hannu zan gyara mayafi sai ya kare fuskarsa. Wani kuma duk wanda ya gani sai ya liƙe masa, ko baƙon da bai taɓa gani ba ne, kuma wannan ya fi tsorata ni. Manya su ce taurin kai ne, ko ɗan hali ne, ko iska ce ta shafe shi, sai a sake tura shi gaba, ciwon ya ƙaru. Dashen da kullum ake tumɓukewa a sake dasawa ba ya yin saiwa, ko da ko'ina ƙasar mai kyau ce.

Ba ni kaɗai na ga haka ba. Bayan faɗuwar gwamnatin Romaniya a 1989, an tarar da dubban yara jibge a gidajen marayu na gwamnati. Daga shekarar 2000 wasu masana daga Amurka suka bi rayuwar yara 136 a birnin Bukares. Rabi aka kai su hannun iyayen riƙo waɗanda aka horar, ake biyansu, ake kuma leƙa su, rabi suka ci gaba da zama inda suke. Waɗanda suka shiga gida sun fi sauran kaifin ƙwaƙwalwa da magana da shaƙuwa da mutane, musamman waɗanda aka ɗauka kafin su cika shekara biyu. Da aka sake duba su suna da shekara 12, sai aka ga waɗanda suka tabbata a gida ɗaya sun fi waɗanda aka sauya wa hannu kwanciyar hankali. Ke nan kai yaro gida bai isa ba, sai ya daɗe a gidan.

Na san jiharku ba ta zauna haka nan ba. Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta fito a 2003, Legas ta yi tata a 2007, tun jihohi da yawa suna jan ƙafa. Kuna da kotunan iyali, kuna da jami'an jin daɗin jama'a, kuna yi wa gidajen marayu rajista. Na kuma fahimci dalilin da ya sa kuke tsaurarawa. A Satumban 2019 'yan sanda sun kuɓutar da mata masu ciki 19 daga gidajen da ake sayar da jarirai a cikin garin nan. Duk wanda ya san haka ba zai ce a bar kowa ya ɗauki ɗan kowa ba tambaya ba. Abin da nake nunawa shi ne, akasarin yaran da ba sa hannun iyayensu ba a gidajen marayu suke ba, ba su kuma taɓa ganin kotu ba. Suna ɗakin kaka ko inna ko yaya, ko maƙwabciyar da ta ji tausayi. Nan ne riƙon yake, nan ne kuma hannun gwamnati bai kai ba.

Zan fara da gidan da bai watse ba tukuna. Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2009 a kan yaran da ba sa tare da iyayensu sun faɗa ƙarara cewa talauci shi kaɗai ba hujja ba ce ta raba yaro da iyayensa, alama ce ta cewa iyalin na bukatar taimako. Mu kuwa talaucin ne ke raba mu da 'ya'yanmu, ba tare da wani alƙali ya yanke hukunci ba. Ranar 1 ga Yunin 2022 aka hana acaɓa a Ikeja da Surulere da Eti-Osa da Apapa da Lagos Island da Lagos Mainland, a Satumba aka ƙara da Kosofe da Oshodi-Isolo da Shomolu da Mushin. Ba na jayayya da dalilin gwamnati, mu ma mun binne waɗanda babur ya kashe. Amma a bayan babura da yawa akwai tukunya da kuɗin haya. Sai ga janye tallafin fetur a Mayun 2023, sai ga rusau, har da wanda ya shafi kasuwar Alaba Rago. Duk sa'ad da aka rushe wata unguwa, ba a cika mako ba an fara rarraba yara. Roƙona shi ne, duk lokacin da wata ma'aikata za ta ɗauki irin wannan mataki, ma'aikatarku ta riga ta isa wurin, a san yara nawa ne, a san makarantar da za su koma. Gwauruwar da kuɗin hayar wata shida ko jarin ƙosai zai tsayar da ita a ɗakinta da 'ya'yanta, taimaka mata ya fi sauƙi a kan ciyar da yara uku a cibiyar gwamnati shekara da shekaru, ya kuma fi musu alheri nesa ba kusa ba.

Sai batun takarda, a nan ne mutanenmu suka fi nesanta da ku. Dokar tarayya ta ce kotu ce ke ba da izinin riƙo, mai nema ya kai shekara 25, ya girmi yaron da shekara 21, kada kuma ya riƙi fiye da yara uku sai da dalili na musamman. Sharuɗɗa ne masu ma'ana ga baƙon da ke neman yaron da bai sani ba. To yayar da ke da shekara 26, tana riƙe da ƙanenta ɗan shekara goma tun rasuwar uwarsu fa? Kakar da 'yarta ta mutu ta bar mata huɗu fa? Irin waɗannan mata in sun ji kalmar kotu sai gabansu ya faɗi, su ɗauka ƙwace yaran za a yi. Ba su da kuɗin lauya, ba su jin Turanci, da yawansu ko katin shaidar mazaunin jihar na hukumar LASRRA ba su da shi. Ranar da yaro ya kwanta asibiti aka ce a kawo mai sa hannu, ko aka zo rajistar jarrabawa, sai ka ga wadda ta yi shekara takwas tana wanke masa kashi ba ta da abin da za ta nuna ita ce uwarsa a yanzu.

Akwai kuma tsoron da ya kamata ku sani. Musulunci bai yarda a ɗauki yaro a shafe sunan ubansa a liƙa masa na wani ba. Alƙur'ani ya ce a kira su da sunan ubanninsu, a Suratul Ahzab, aya ta 5. Abin da addini ya kwaɗaitar shi ne kafala: ka ɗauki nauyin yaro gaba ɗaya, ci da sha da sutura da ilimi da tarbiyya, amma nasabarsa da gadonsa suna nan yadda suke. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, maraya ya tashi, a hannun kakansa Abdulmuɗɗalib sannan baffansa Abu Ɗalib. Mutanenmu da dama sun ɗauka duk takardar gwamnati a kan yaro tana nufin sauya masa suna da asali. Abin da ya fito fili a 2019, lokacin da aka gano yaran Kano da aka sace aka sayar a Onica an canja musu suna, ya ƙara wannan tsoro, ko da yake wancan aikin miyagu ne, ba na hukuma ba. Maganin tsoron yana hannunku. Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta duniya ta 1989, wadda Najeriya ta amince da ita a 1991, ta ambaci kafala da sunanta a sashe na 20, ta kuma ce in za a sama wa yaro wurin zama a duba ƙabilarsa da addininsa da al'adarsa da harshensa. Kenya ta saka kafala cikin dokar yara da ta yi a 2022. Ina roƙon Legas ta fito da takarda mai sauƙi ta riƙon dangi, wadda jami'in jin daɗin jama'a zai iya bayarwa a ƙaramar hukuma bayan ya ziyarci gida, da sunan mahaifin yaro rubuce a jiki, a kuma bayyana ta da Hausa a masallatai. Kotu a bar mata inda ake rigima, ko inda aka cuci yaro, ko inda baƙo ne zai ɗauka.

Afirka ta Kudu ta riga mu shan wannan darasi. Can gwamnati tana biyan iyayen riƙo kuɗi duk wata, amma sai da izinin kotu. Da cutar ƙanjamau ta bar marayu masu ɗimbin yawa a hannun kakanni, sai kowa ya nufi kotu, jami'ai suka kasa, takardu suka riƙa ƙarewa ba a sabunta ba. A 2022 suka buɗe wata hanya: dangin da ke riƙe da maraya su karɓi ƙari a kan tallafin yara na yau da kullum ba sai sun je gaban alƙali ba. Ba lallai mu bi doguwar hanyar da suka bi kafin mu kai nan ba.

Na san za a ce in aka sa kuɗi a riƙo, wasu za su mayar da shi sana'a. Gaskiya ne, akwai masu irin wannan hali a kowace al'umma. Shi ya sa ni ba tsabar kuɗi na fi damuwa da su ba. A saka yaron riƙo a inshorar lafiya ta Ilera Eko kyauta. A yi masa takardar haihuwa a Hukumar Ƙidaya ba tare da an ce sai uban da ke kabari ya zo ba. A ba shi gurbi a makarantar gwamnati mafi kusa ko a tsakiyar zango ne, da kayan makaranta da littattafai. In da hali a ƙara da ɗan abin cefane, a ɗaura shi a kan zuwan yaro makaranta. Riƙo da yawa ba ƙiyayya ke kashe shi ba. Kuɗin magani na dare ɗaya ne ke sa maigida ya ce a mayar da yaron nan inda aka ɗauko shi.

Wani abin kuma shi ne harshe. Idan ma'aikata suka fita kamen mabarata a kan titi, ko aka tsinci yaro yana gararamba a Oshodi ko ƙarƙashin gada, sa'o'in farko su ne komai. Ɗan shekara biyar da ba ya jin Yarbanci ba ya jin Turanci, in an tambaye shi zai yi shiru ne ko ya yi kuka, sai a rubuta ba a san danginsa ba. Alhali da Bahaushiya ta durƙusa ta ce masa "yaro, wa ye babanka, wane masallaci kuke zuwa?" da wataƙila kafin magariba an gano gidansu. Mutanen garin nan ba su manta da fashewar makamai a barikin Ikeja ranar 27 ga Janairun 2002 ba, da yadda iyaye suka yi kwanaki suna zagayen neman 'ya'yansu. Yaron da ya san sunan unguwarsu ya kuma samu mai jin maganarsa shi ya fi saurin komawa gida. Ku ɗauki jami'ai masu jin Hausa, mata musamman, a cibiyoyinku na Idi-Araba da Oregun da Majidun. Akwai 'ya'yanmu da suka yi karatun aikin. Kada a raba uwa da ɗan da take shayarwa don an kama ta tana bara. Kada a raba wa da ƙane, don sau da yawa su kaɗai suka rage wa juna. Sannan yaro ya kasance da jami'i ɗaya da ya san shi, wanda zai zo gida ba tare da sanarwa ba, ya keɓe da shi ya tambaye shi yadda yake, ba a gaban mai riƙonsa ba.

Yanzu zan juyo gare ku, iyayena sarakuna da malamai, da ku 'yan uwana mata. Muna alfahari cewa a wurinmu ɗa na kowa ne, maraya ba ya rasa gida. To mu duba irin gidan. 'Yar riƙo nawa ce ke tashi kafin asuba ta ɗebo ruwa ta yi wanke-wanke, 'ya'yan gida su tafi makaranta ita ta ɗauki farantin talla? Nawa aka kawo daga ƙauye da sunan riƙo, alhali wata dillaliya ce ke karɓar kuɗin aikinta duk wata? Wannan aikatau ne, mu daina sakaya shi. Nawa ne aka cinye musu gado, shagon uba ko filinsa na gida, aka ce ai su ake ciyarwa da shi? Ayar da ta yi magana a kan masu cin dukiyar marayu, ta 10 a Suratun Nisa'i, kowane almajiri ya haddace ta. Akwai kuma dangin da ba a gan su ba lokacin ciwo da kuɗin makaranta, sai yarinya ta isa aure su bayyana su ce tasu ce, a cire ta daga aji a tafi da ita. In muna so gwamnati ta mutunta riƙonmu, dole mu yarda a leƙo a ga yadda muke yin sa. Gidan da ke yi wa yaro riƙon sakainar kashi bai cancanci mu rufa masa asiri ba, kuma kai rahoton wanda ke azabtar da yaro ba tona asirin Bahaushe ba ne a gaban baƙi.

Ina roƙon limamai, ranar sadakar uku ko ta bakwai, kafin a shafa fatiha a watse, a tambaya a gaban jama'a: yaran nan wa zai riƙe su, zai iya kuwa, su wa za su taimaka masa duk wata? A fara da duba ko za a iya barin su hannun uwarsu a haɗa mata kuɗin haya. Zakkar da manyan 'yan kasuwarmu na Mile 12 da mayankar Oko-Oba da 'yan canji ke fitarwa duk shekara, wani kaso nata ya isa ya tsayar da gidaje da yawa. Maza kuma masu auren zawarawa, wanda ya so uwa ya so ɗanta, agola ba abin kunya ba ne.

Ruwanda ta fara mayar da yara daga gidajen marayu zuwa cikin iyalai a 2012, kuma abin da ya riƙe tsarin shi ne 'yan sa-kai biyu a kowane ƙauye, mace da namiji, waɗanda jama'a suka zaɓa, aka horar da su suna zagaya gidaje suna sanar da jami'in gwamnati. Mu muna da abin da za a ɗora wannan a kai: kowane zango da sarkinsa, kowane masallaci da kwamitinsa, kowace Islamiyya da malamanta mata waɗanda ke shiga gidajen da namiji ba ya shiga. Abin da babu shi ne horo, da lambar waya da za a kira a ɗauka, da jami'in da zai zo in an kira.

Ranku ya daɗe, ku fara gwadawa da Agege. Ku turo jami'anku su zauna da Sarkin Hausawa da limamai da shugabannin mata, a zaɓi mutum biyu a kowace unguwa, a rubuta sunan duk yaron da ke hannun wanda ba mahaifinsa ba, da alkawari a rubuce cewa ba za a ɗauke kowa daga gidan da yake zaune lafiya ba. Bayan shekara a zauna a duba nawa ne ke nan a gidan da aka same su, nawa ke zuwa makaranta. In ya yi kyau a kai shi Mile 12 da Idi-Araba da Obalende da Ojo. Mu malaman Islamiyya mata a shirye muke mu shiga gida gida mu yi bayani, in har takardar da za mu nuna wa mata tana ɗauke da hatimin ma'aikatarku.

Na gode da sauraro. Allah ya taya ku riƙo.

Taku,
Wata malama kuma uwar riƙo,
Agege, Legas.